Taswirar Baba: Arewar da ba a gina ba

Mu da muka koyi gyaran injin kaɗi da na saƙa a hannunsa Baba muke ce masa, shi kuwa har furfura ta fito mana bai daina ce mana "yaran nan" ba. Da Allah ya yi masa cikawa, abin da iyalinsa suka miƙo mana wani tsohon littafin rajista ne mai bangon kwali, gefensa duk baƙin giris. Rabin farko lissafin aiki ne: lambar boris, tsawon bel, ranar da aka sauya kaza. Rabin ƙarshe kuwa taswirar Arewa ce da ya yi ta zanawa yana gogewa da fensir, garuruwan duk na gaske, amma layukan dogo da masana'antun da ke cikinta ba waɗanda aka sani ba ne. Wannan shaida ce a kan mutumin da kuma taswirar tasa.

A ƙasar auduga aka haife shi, wajen Funtuwa. Mahaifiyarsa na kaɗi da mazari da alli, mahaifinsa kuma in rani ya yi sai ya kafa masaƙa a gindin bishiya. Ya shigo Kaduna yana saurayi a shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ya sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Da tsintsiya ya fara, yana share ƙurar auduga a ƙarƙashin injuna, daga nan aka ba shi gwangwanin mai, sannan sifana, har ya zama shugaban masu gyara na ɗakin kaɗi. Bai yi boko mai zurfi ba. Amma in ya ɗora tafin hannu a jikin inji yana gudu, zai gaya maka wane boris ne zai mutu kafin Juma'a, kuma da wuya ya kuskure.

Taswirar ta fara ne daga 1911, shekarar da dogo ya iso Kano. Turawa sun shimfiɗa shi da fatan kwasar auduga zuwa masaƙun Lankasha a Ingila, ƙungiyarsu ta noman auduga da aka kafa a Manchesta a 1902 ta zo ta kafa injunan gurza. Sai lissafi ya ƙi. Masaƙan ƙasar Kano suna biyan manomi kuɗin da ya fi na Bature, don tun kafin zuwansu Kano ke tufatar da rabin Sudan ta Yamma, wato yankin Afirka ta Yamma da ke kudu da Sahara. Barth, Bajamushe matafiyi da ya zo a 1851, ya tarar yadin Kano na kaiwa Timbuktu da Gat da Tarabulus. Abin da ya cika taragu daga 1912 gyaɗa ce.

A nan Baba ya sa alamarsa ta farko. A wajensa ƙarfin Kano ba ya buƙatar a koya masa saƙa ko rini ko bugu, yana da Kura da turkuɗinta, yana da karofi a kowane lungu, yana da fatake da suka san hanya. Inda abin ke shaƙewa shi ne zare. Masaƙi ɗaya yakan cinye aikin mata da yawa masu kaɗi, domin mazari ba ya sauri. Da a ce injin farko da aka sauke a tashar Kano ko Zariya na kaɗi ne, ya riƙa sayar da zare ga masaƙan gargajiya a rahusa, da garuruwan rini sun kumbura sun zama garuruwan gama yadi, kuɗin kuma ya tsaya a hannun 'yan ƙasa, su ne za su sayi injin saƙa da kansu bayan shekara ashirin. Haka Bombai ta Indiya ta yi, masaƙarta ta farko a 1854 da kaɗi ta fara, kuma da kuɗin ɗan ƙasa.

Sai dai Baba ba mai yaudarar kansa ba ne. A gefen shafin ya goge 1912 ya rubuta 1932. Dalili: injin kaɗi na wancan zamani tururi ke juya shi, tururi kuwa sai da kwal, kwal kuma yana Inugu. Layin gabas bai haɗu da Kaduna ba sai 1927, gadar Makurɗi a kan Binuwai ba ta kammalu ba sai 1932. Kafin nan duk wanda ya kafa injin kaɗi a Kano, itacen dajin zai ƙone ya ƙare. Mu kuma a namu ganin ko 1932 ɗin ma da wuya, don mai mulkin da ya zo neman ɗanyen kaya ga masaƙun garinsu ba zai gina musu kishiya ba. Masaƙar zamani babba ta farko sai a 1957 ta fara aiki, wato Kaduna Textiles, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Lankasha, kuma akoko ta fara fitarwa. Shekara 25 ke tsakanin abin da ya zana da abin da ya faru, ya kuwa ja layi biyu a ƙarƙashin lambar.

Akwai wani shafi da yake nuna mana don nishaɗi kawai. Da Gwamna Lugga ya bar hedikwata a Zungeru bai sa an dawo da ita Kaduna a 1917 ba, da Kaduna mahaɗar jirgi ce kurum, kamar Kafanchan, Kakuri kuma gonakin rogo. Masaƙun da sun tafi Kano inda kasuwa take, ko su bi gwamnati Zungeru inda yau madatsar ruwa mai megawat 700 take. Yakan yi dariya ya ce da can za mu yi gumi, ya wuce.

Abin da bai yi wa dariya ba shi ne siffar dogo. Ka dubi taswirar gaske: reshe daga Zariya ya bi Funtuwa da Gusau ya tsaya cak a Ƙauran Namoda a 1929. Wani daga Kano ya tsaya a Nguru a 1930. Na Maiduguri ya isa a 1964 ta hanyar Bauchi da Gombe. Kowane reshe kansa na kallon teku, babu wanda ke kallon ɗan'uwansa. Sakkwato ba ta ga jirgi ba, alhali tana da siminti a Kalambaina tun shekarun 1960, tana da jar akuyar da fatarta ta yi suna a duniya. Katsina ba ta da dogo, amma aka kafa mata masana'antar murza ƙarfe a 1982, wadda ɗanyen ƙarfenta sai an ɗauko shi a tirela tun daga Alaja kusa da Warri. Ƙarfe da siminti kaya ne masu nauyi da arha, kuɗin mota kan cinye ribarsu tun ba su iso ba. Baba ya ja layi ɗaya a kwance: Sakkwato, Ƙauran Namoda, Katsina, Kano, Nguru, Maiduguri. A taswirarsa Gusau da Funtuwa garuruwan gurza da kaɗi da matsar man angurya ne, Kano ta jimar fata da rini da takalma, Zariya ta iri da bincike saboda cibiyar binciken noma ta Samaru, Kaduna ta inji da ƙarfe. Layin Kano zuwa Katsina da Maraɗi da aka soma a 2021 guntun wancan layi nasa ne.

Inda ya fi daɗewa, inda shafukan suka fi baƙi da goge-goge, batun wuta ne da tururi, kuma a nan dole mu ma mu tsaya, don wanda bai shiga masaƙa ba ba ya gane abin da ɗauke wuta na minti biyu ke yi.

Auduga in ta shigo a dila, sai a warware ta a injin busa, a wuce da ita injin shiɓa ya jera gashinta, a ja ta a sirance ta hawa-hawa, sannan ta isa injin kaɗi. Tsohon injin kaɗi ɗaya na ɗauke da mazari wajen 400, kowane da zarensa. In wuta ta yi ƙasa ko ta ɗauke ba shiri, mazaran na rage gudu ba tare da naɗin ya daidaita ba, zare ya tsinke a wurare da yawa lokaci guda, kuma da hannu ake ɗaura kowane, ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin da ke da injuna 50, yi lissafi. A ɗakin sitaci, zaren tsaye da ke kan ganga mai zafi yakan bushe ya ƙone a inda ya tsaya, in ya je masaƙa nan zai riƙa tsinkewa. A injin saƙa kuwa duk tsayawa na barin layi a kwance a jikin yadi, ba ka ganinsa a akoko, sai an rina ya fito ɓaro-ɓaro. Yadin da ke cikin rini ya sha launi fiye da na gabansa, wanda ke cikin injin busarwa ya yi ja. Wuta ta dawo bayan minti biyu, amma aikin rabin yini ya zama na daraja ta biyu.

Ga kuma iska. Gashin auduga ya fi ƙarfi in yana da danshi, shi ya sa Lankasha mai yawan ruwan sama ta dace da sana'ar. Ɗakin saƙa na son danshin iska ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100, hunturu kuwa kan sauke shi ƙasa da 20. Saboda haka akwai injunan fesa ruwa a iska da ke aiki dare da rana, su ma da wuta. Da sun tsaya, kafin awa guda za ka ji ƙarar ɗakin ta sauya, injuna na tsayawa nan da can, ƙura ta tashi. Baba kan shigo da safe ya shaƙi iska ya ce, "Yaran nan, ku duba famfon sama," tun bai kalli ma'auni ba.

Tururi shi ne rabin na biyu. Dafa yadi da soda, wanke shi, faranta shi, kama launi, busarwa, duk tururi ne, kuma tukwanen Kakuri baƙin mai suke sha, wanda matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ke fitarwa. Ita kuma ɗanyen manta ta bututu yake zuwa daga kudu. In matata ta tsaya, sai a nemo baƙin mai a tanka daga nesa da tsada, ko tukunya ta huce. Kowace masaƙa ta sayi janaretocinta, ta gina tukunyarta, ta haƙa rijiyarta, kowa na yin abu ɗaya shi kaɗai.

Abin da Baba ya zana a tsakiyar Kakuri gidan wuta ne guda ɗaya na haɗin gwiwa. A dafa tururi mai matsin gaske, a fara bi da shi ta injin da ke juya janareto, tururin da ya fito ta baya da sauran zafinsa a raba shi ta bututu zuwa ɗakunan rini na duk masaƙun. Mai ɗaya, aiki biyu. Masana'antun sukari sun daɗe suna haka. Janareton dizal kuwa kusan kashi biyu cikin uku na man da ya sha zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto a banza. Kuma ba sai an je Turai neman misali ba: tun wajen 1930 wani kamfani mai zaman kansa ya riƙa ba ma'adinan kuza na Jos wuta daga ruwan Kurra, da layinsa na kansa. Madatsar Kainji ta zo a 1968, daga baya ta kai megawat 760, Shiroro a 1990 da 600, a kan kogin Kaduna ɗin nan da ya ratsa ta gefen Kakuri, amma wutar sai ta shiga babban layin ƙasa a raba da kowa, in ya faɗi kowa ya faɗi. A taswirarsa akwai waya ɗaya daga Shiroro kai tsaye zuwa unguwannin masana'antu na Kakuri da Sharaɗa da Chalawa da Bompai. A ganinmu, cikin duk abin da ya zana wannan ne ya fi kusa da yiwuwa, don ba ya buƙatar izinin Bature ko sauyin kasuwar duniya, shawara ce da mutane goma za su iya yankewa a ɗaki ɗaya.

Sai auduga kanta. Lissafin da yake sa kowane sabon yaro ya haddace: kilo 100 na auduga da anguryarta, in an gurza, ba ya wuce kilo 35 ko ɗan sama. A shiɓa da kaɗi a rasa wajen 5. Kilo 30 na zare kuwa turmin atamfa 40 ne ko kusa da haka. Duk ƙazantar da ta shiga buhu a gona, a cikin turamen nan 40 za ta fito.

Zamanin hukumar auduga, ita ke raba iri ɗaya ga yanki ɗaya kowace shekara, ana tantance daraja a kasuwar awo, kuma doka ce a tuge karan auduga a ƙone bayan girbi don a yanke wa tsutsa zuriya. A 1986 aka rushe hukumomin amfanin gona. Baba bai yi kukan hukumar ba, ɗan manomi ne, ya san yadda ta riƙa danne farashi. Abin da ya ce shi ne an zubar da ruwan wanka har da sabulu. Iri ya gauraye, dogon gashi da gajere a dila ɗaya, injin kaɗi kuwa tazarar naɗinsa ana saita ta ne da tsawon gashi, in ya bambanta zare ya fito wani wuri kauri wani siriri. Masu saye suka daina duba daraja, wasu masu sayarwa suka koyi zuba ruwa da yashi don sikeli. Mafi muni, aka koma zuba auduga a buhun leda irin na taki. Zaren ledar nan fari ne, yana tsinkewa ya shige cikin auduga, ido ba ya raba su, inji ya kaɗa shi tare. Leda ba ta shan rini. Sai yadi ya fito shuɗi da ɗan farin layi a tsakiya, dillali a Kantin Kwari ya ɗaga shi a rana ya ajiye. Maganin buhun yadi ne, wanda masaƙun da kansu za su iya saƙawa daga ragowar zare su raba wa manoma. A taswirar Baba an rushe hukumar, amma an bar iri da tantancewa a hannun ƙungiyar masu gurza da masaƙu da manoma.

Shafi na kusa da ƙarshe na maƙera ne, kuma shi ne ya fi ba shi zafi don aikinsa ne. Injunan daga Ingila da Japan da Suwizalan suke, kowane haƙorin giya sai an yi oda. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sai aka shiga yanka inji ɗaya don a ciyar da tara. Yau a cire masa giya, gobe moto, jibi ya zama ƙarangiya a lungu. Baba kan kai fasasshen kaya Panteka, kasuwar maƙeran Kaduna, a zuba masa sabo, wani ya yi wata shida, wani ya fashe a kwana uku, don ba a san abin da ke cikin ƙarfen da aka narka ba kuma ba a gasa shi yadda ya kamata. Hannu akwai, abin da babu shi ne ma'aikatar zubi mai ɗakin gwaji. Yakan tuna mana cewa Toyota da injin saƙa ta fara, har kamfanin Platt na Ingila ya sayi haƙƙin ƙirarta a 1929, Suzuki ma haka ta faro. Mai gyaran masaƙa ya zama mai ƙera ta, mai ƙera ta ya ƙera mota. A Kaduna kuwa masaƙu na Kakuri, Peugeot na haɗa mota tun 1975 a kusa da su, masana'antar makamai tun 1964 na nan, masana'antar ƙarfe ta Ajakuta aka ba da kwangilarta a 1979, amma ba wanda ke ƙera wa wani ƙusa. Ya zana kibiyoyi tsakaninsu har takardar ta huje.

Mun sha yi masa gardama, musamman a kan yadin ƙasar Sin. An ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, fasa-ƙwauri ta Kwatano da Maraɗi bai taɓa tsayawa ba, a 2005 kuma ƙa'idar duniya da ke iyakance yawan yadin da ƙasashe irin su Sin ke fitarwa ta ƙare. Injinmu mai ƙoshiya na jefa zare wajen sau 200 a minti, nasu mai iska na ninka haka sau huɗu ko fiye. Har zanenmu da tambarinmu aka riƙa kwafowa. Lankasha da kanta ta mutu, wa zai ce Kakuri za ta tsira? Bai musa ba. Ya ce ko a taswirarsa rabin masaƙun sun rufe. Bambancin shi ne wanda ke da wuta mai arha da auduga mai tsabta da maƙerinsa a bayan gida yana da ribar da zai sayi sabon inji tun a shekarun 1980, kuma in atamfa ta gagare shi zai koma zare, akoko, kakin makaranta da na soja, zanen gado, bandeji. Garin da ya iya zuba ƙarfe kuma, ko masaƙa ta tafi, yana da abin yi. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) a 2007, waɗansu a tsakani, unguwannin da jiniya ke tashe su da asuba suka koma acaba da sayar da ruwa.

A tasu masaƙar, ranar da aka ce a kashe injuna "na ɗan lokaci", Baba bai bar ɗakin kaɗi haka nan ba. Ya sa aka sauke duk zaren da ke kan mazarai, aka busa ƙura, don ƙurar auduga na jan danshi ta haifi tsatsa. Aka sassauta kowane bel don kada ya miƙe, aka ɗage nauyin da ke danne naɗin roba don kada su lotsa, aka shafe zobban ƙarfe da mai, aka cika kowane boris da giris, aka zuye ruwan bututun fesawa, sannan aka lulluɓe injunan da akoko. Ya rubuta a rajista cewa a riƙa juya kowane moto da hannu sau ɗaya a wata. Wata uku yana zuwa da kekensa yana yin hakan ba albashi, har mai gadi ya ce an hana shiga. Haƙƙinsa na barin aiki bai fito ba har ya koma ga Allah. Injunan kuwa daga baya 'yan gwangwan ne suka saye su, aka yanka da wutar gas aka auna a kilo.

A shafin ƙarshe akwai layi ɗaya da fensir mai haske, hannun ya riga ya fara rawa. Ya taso daga Ajakuta ya bi Abuja da Kaduna ya ƙare a Kano, wato bututun iskar gas mai kilomita 614 da aka ƙaddamar a 2020. Ya ji labarinsa a rediyo, ya sa jikansa ya nemo masa littafin. Daidai Kakuri ya yi ɗan reshe zuwa gidan wutar nan nasa, ya rubuta faɗin bututun da yake ganin zai isa, ya sa alamar tambaya a gefe.